Yadda Za Ka Zaɓi Kayan Kwamfutar Ofis Mai Sauƙin Kuɗi a Abuja, Mataki-Mataki

Da wuya mako ya wuce ba a tare ni da tambayar nan ba, ko a waya ko a ƙofar masallaci bayan an idar da sallah: "Malam, ina son kwamfutar tebur don ofis, kuɗin hannuna ba yawa, me zan saya?" Masu tambayar iri-iri ne. Akwai akawun makarantar kuɗi a Gwagwalada, akwai lauyan da ya kama ɗaki ɗaya a Garki, akwai mai kemis da ke son ya daina rubuta ciniki a littafi. Kusan dukansu kuma da amsarsu suke zuwa, albarka kawai suke so in sa: "An ce in nemi i7." Ita i7 ɗin wani matsayi ne na firosesar kamfanin Intel, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta.

Haka wani kawuna mai shagon buga takardu a Kubwa ya yi. Ya je kasuwa shi kaɗai, ya dawo da akwati mai tambarin i7 a goshi, ya kira ni yana murna. "Ɗana, zo ka ga abin da Allah ya ba ni, i7 ce, kuma da araha." Na kunna, na duba lambar, sai na ga i7-3770, wato kayan shekarar 2012. Na ce, "Kawu, ai wannan ta girmi autarka." Da safe in ya kunna ta, sai ya share shago, ya goge tebur, ya dawo ya tarar tana nan tana juyi. Sunan ya saya, bai duba lambar da ke bayan sunan ba. Matakan da ke ƙasa a jere suke don kowanne yana ɗaure na gaba da shi, kada ka tsallake.

1. Fara da takarda da biro

Kafin ka nufi kasuwar kwamfuta a Wuse, rubuta abin da kwamfutar za ta riƙa yi daga safe zuwa tashi. A wurina aikin ofis hawa uku ne. Hawa na farko shi ne Word, Excel, imel, biyan kuɗi ta Remita, cike fom ɗin CAC da taron Zoom. Na biyu ya ƙara da manhajar lissafi irin Sage ko QuickBooks, da Excel mai dubban layuka, da shafuka ashirin a buɗe a Chrome. Na uku shi ne CorelDRAW da Photoshop, irin aikin masu zane da buga kati.

Hawa na farko da na biyu ba ruwansu da katin girafik, wato kayan da ake ƙara wa kwamfuta don sarrafa hoto. Na uku ma, in dai katin biki da kalanda ne, RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki a kanta, ya fi nema. A ƙasan takardar ka ƙara abu biyu: da me za ta riƙa aiki in an ɗauke wuta, janareta ko inbata, sannan wace irin firinta za a jona mata.

Hattara: kada ka bari mai shago ya rubuta maka wannan jerin. Abin da ya daɗe a kan kantarsa zai rubuta.

2. Sabuwa, 'yar Kwatano, ko gauraye

Hanya uku ce. Ko ka sayi kowane ɓangare sabo a kwali a haɗa maka. Ko ka ɗauki cikakkiyar 'yar Kwatano, irin waɗanda ofisoshin Turai da Amurka suka yi aiki da su suka sauke: Dell OptiPlex, HP ProDesk ko EliteDesk, Lenovo ThinkCentre. Ko kuma ka gauraya, ka ɗauki 'yar Kwatanon ka sa mata sabon SSD, wato ma'ajiyar fayiloli mai sauri, ka ƙara RAM.

In kuɗi ya yi wuya, ta uku nake ba da shawara. An ƙera waɗannan akwatuna ne don su wuni a kunne shekara da shekaru, kuma abin da ya fi gajiya a cikinsu shi ne ma'ajiya, wadda dama za ka canja. Waɗanda ke ɗauke da firosesar Intel zubi na 8 (bayanin zubi na mataki na 3) sun haɗa da OptiPlex 3060, 5060 da 7060, da EliteDesk 800 G4, da ThinkCentre M720. Aibinsu ɗaya ne: madabod ɗinsu, wato babban allon da ake jona komai a kai, da fawa-fak mai ba kayan ciki wuta, ƙirar kamfanin ce ta musamman, in ɗaya ya ƙone ba za ka ɗauki na gama-gari ka sa ba, sai ka nemo irinsa sak. Wanda ke son kwamfutar da zai riƙa canja mata kaya guntu-guntu har shekara shida ko bakwai, haɗin sabo ya fi masa.

Batun kuɗi kuwa, kayan kwamfuta dala suke bi, farashin Litinin ba lallai ya kai Juma'a ba. RAM ma tun ƙarshen 2025 ya yi tashin gwauron zabi a duniya baki ɗaya, saboda manyan kamfanonin ƙirƙirarriyar basira suna kwashe abin da masana'antu ke fitarwa. Don haka lissafin kaso ya fi amfani. In sabon haɗi ne, ni haka nake raba kuɗin gida goma: kashi uku da rabi na firosesa da madabod, biyu da rabi na RAM da SSD, ɗaya na fawa-fak da kesin (akwatin), ɗaya da rabi na monita, ɗaya na UPS mai riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta, rabin da ya rage na kibod, mawus, wayoyi da kuɗin mota. Ka cire kason UPS tun farko ka ajiye a wani aljihu daban. Shi ne kullum ake cewa "sai wata mai zuwa", watan kuma ba ya zuwa.

3. Firosesa: karanta lambar, bar tambarin

Mutane na kiran akwatin gaba ɗaya da sifiyu, amma firosesa wani ɗan ƙarfe ne mai kusurwa huɗu da bai cika tafin hannu ba, yana ƙarƙashin fanka. Shi ake fara zaɓa, don shi zai faɗi irin madabod, madabod kuma ya faɗi irin RAM.

A kayan Intel, i3, i5 da i7 matsayi ne a cikin gida ɗaya. Abin da ke nuna shekaru shi ne zubi, wanda 'yan kasuwa ke ce wa "jen". In lambar da ke bayan sunan huɗu ce, ta farko ita ce zubin: i5-8500 zubi na 8 ne, i7-4790 zubi na 4. In lambobin biyar ne, ɗauki biyun farko: i3-10100 zubi na 10, i3-12100 zubi na 12. Ƙaramin i3-12100 na shekarar 2022 ya fi i7-4790 na 2014 sauri nesa ba kusa ba, kuma bai kai shi shan wuta ba. Sarkin wancan zamani bai kai dogarin wannan ba.

Akwai kuma iyakar da ba ta jin roƙo. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025. Windows 11 kuma a hukumance tana son Intel zubi na 8 zuwa sama, da abin tsaro da ake kira TPM 2.0. Za a ce maka ai ana yi wa tsofaffin dabara su karɓa. Ana yi, amma kwamfutar da ke riƙe da lissafin albashi da takardun mutane ba wurin dabara ba ce. Zubi na 6 da na 7 sun cika kasuwa, suna da kyan gani, farashinsu na jan hankali. Wuce su.

Abin da nake zaɓa shi ne: a 'yar Kwatano, i5-8500 ko i5-9500, masu zuciya shida, wato sassa shida da ke aiki a lokaci ɗaya. A sabo, i3-12100 mai zuciya huɗu ya wadatar da hawa na farko da na biyu. A ɓangaren AMD, Ryzen 5 5600G mai zuciya shida, wanda girafik ɗinsa na ciki ya fi na Intel ƙarfi, ya dace da mai CorelDRAW.

Hattara da harafin ƙarshe, nan mutane suka fi faɗawa rami. A Intel, F na nufin babu girafik a ciki. In ka sayi i3-12100F ka jona monita a madabod, allo baƙi ƙirin za ka gani har sai ka sayi katin girafik. Lokacin da suka fito, dala 122 aka sa wa i3-12100, mai F kuma dala 97. Ragin dala 25 ke nan, katin da zai cike gurbin kuwa ya fi haka. A AMD masu zama a gurbin AM4 abin a juye yake: mai G shi ne mai girafik. Ryzen 5 5600 da 5500 marasa G ba sa fitar da hoto su kaɗai. Harafin K na 'yan wasan gem ne, ya fi tsada kuma ba ya zuwa da fanka, ba ka da buƙatarsa. Harafin T, kamar i5-8500T, mai ƙarancin shan wuta ne, wat 35 maimakon 65. Shi ake samu a ƙananan akwatunan nan masu girman littafi, kuma ofishin da ke kan sola ko inbata ya fi kowa morarsa.

4. Madabod: soket ya dace, sauran ado ne

Kowane firosesa da gurbin da yake zama. Zubi na 12, 13 da 14 suna zama a LGA1700, kuma H610 shi ne madabod mai sauƙin kuɗi a nan. Zubi na 10 da 11 a LGA1200. Ryzen 5600G a AM4, tare da A520, B450 ko B550. Ɗauki ƙaramin girma da ake kira micro-ATX daga Asus, Gigabyte, MSI ko ASRock. Fitilu masu launi da manyan ƙarafunan ado ba sa ƙara wa Excel sauri.

Abin da za ka ƙirga da idonka a jikinsa: gurbin RAM aƙalla biyu, gurbin M.2 ɗaya don SSD, ramin HDMI, da VGA in kana da tsohuwar monita ko majigi, ramukan USB aƙalla shida gaba da baya, sai ramin wayar intanet. Ofis yana cin USB fiye da yadda ake zato. Kibod, mawus, firinta, sikana, filas, wayar da ake caji, ka ga an tashi shida.

Hattara a wuri uku. Zubi na 6 da 7 da kuma na 8 da 9 duk sunan soket ɗinsu LGA1151, amma ba sa hawa madabod ɗin juna. H610 yana zuwa iri biyu, mai ɗaukar RAM nau'in DDR4 da mai ɗaukar DDR5, karanta kwalin kafin ka sayi RAM. Sannan B450 da ya daɗe a shago yana iya ƙin tashi da 5600G sai an sabunta masa BIOS, wato manhajar cikin madabod mai tayar da kwamfuta, don haka ka sa a gwada su tare a gabanka. In madabod na hannu ne, buɗe murfin soket ka haska fitilar waya. A Intel ƙananan alluran suna cikin soket, a AM4 suna jikin firosesa. Allura ɗaya ta lanƙwashe, ajiye musu kayansu.

5. RAM: 8GB ne ƙasa, 16GB ne kwanciyar hankali

Windows 11 ta rubuta 4GB a matsayin mafi ƙaranci. Da 4GB za ta tashi, amma kana buɗe Chrome da Word tare za ta fara haki. Ga hawa na farko 8GB zai yi. Hawa na biyu da na uku, 16GB. In za ka iya, ɗauki sanda biyu iri ɗaya, 8GB sau biyu, maimakon sanda ɗaya mai 16GB. Sanda biyu suna buɗe hanya biyu, kuma girafik na cikin firosesa, musamman na Ryzen, da RAM yake aiki, don haka bambancin yana fitowa fili. In tsadar yanzu ta matse ka, sa 8GB ɗaya ka bar gurbi ɗaya a buɗe.

DDR3, DDR4 da DDR5 ba sa shiga gurbin juna, yankan da ke ƙasan sandar ba wuri ɗaya yake ba. In ta ƙi shiga kada ka danna da ƙarfi. RAM na laftof gajere ne, ba ya shiga madabod na tebur, sai dai ƙananan akwatunan nan masu girman littafi, su gajeren suke ɗauka. RAM na daga cikin 'yan kayan da ban damu ba in na hannu ne, matuƙar an gwada.

6. Ma'ajiya: nan saurin yake

Da a ce abu ɗaya kawai zan iya gyara wa kowane ofis a garin nan, da haddis mai juyi zan cire in sa SSD. Haddis faifai ne ke juyawa a ciki, allura na bin sa tana nema. SSD babu abin da ke motsi. SSD na SATA yana kai wajen 550MB a daƙiƙa, NVMe mai shiga gurbin M.2, wanda bai fi tsinken cingam girma ba, yana iya kai 3,500MB. A aikin ofis ba za ka ji bambanci sosai tsakanin waɗannan biyun ba. Babban tsalle shi ne daga haddis zuwa kowanne daga cikinsu. Kwamfutar kawuna ma, da muka sa mata SSD kafin ya tara kuɗin canja ta, sai da ya tambaye ni ko wata na kawo.

Girma: 256GB ya isa ofishin takardu, 512GB ya fi kwanciyar rai, 128GB zai cika kafin shekara. Mai ajiye hotuna da zane ya ƙara haddis 1TB a gefe don ajiya kawai, Windows ta zauna a SSD. Sayi sabo, mai suna da aka sani, irin Samsung, Kingston, WD ko Lexar. In ka ga 256GB ya nuna 238GB, ko 512GB ya nuna kusan 476GB, ba cuta ba ce, bambancin lissafi ne tsakanin masu ƙerawa da Windows.

Hattara: akwai jabun SSD da ke nuna 1TB alhali cikinsa bai kai ko kusa ba. Yana karɓar fayil lafiya lau har ya cika ainihin girmansa, daga nan ya fara cinye na baya. Farashin da ya yi araha fiye da hankali shi ne alamar farko. Manhajar H2testw tana tona asirinsa.

7. Fawa-fak da wuta

A nan ake yin rowar da ke jawo kuka. Kesin masu araha suna zuwa da fawa-fak a ciki, an rubuta 500W ko 650W a jiki, amma ka ɗaga ka ji kamar gwangwanin madara da babu komai. Ranar da ya tashi mutuwa ba shi kaɗai yake tafiya ba, yana jan madabod da SSD su raka shi.

Kwamfutar ofis marar katin girafik ba ta da ci. A aikin yau da kullum tsakanin wat 30 zuwa 60 take sha, in an matsa mata ta ɗan haura 100. Don haka 400W ko 450W na gaskiya ya wadatar har da saura. Nemi mai tambarin 80 Plus, wanda ke nufin aƙalla kashi 80 cikin 100 na wutar da ya ja yana isa ga kwamfutar, ba ya tafiya a zafi. Corsair, Cooler Master da Seasonic sunaye ne da aka sani. Mai nauyi a hannu, mai kaurin wayoyi, yawanci shi ne na ƙwarai.

Ga lissafin wuta ga mai mita. Akwati da monita su sha wat 70, awa 8 a rana, kwana 22 a wata, ya kama yunit 12 da ɗoriya. Ko a layin Band A, inda yunit ya haura naira 200 tun Afrilun 2024, abin bai kai naira 3,000 a wata ba.

Hattara ta musamman ga mai ɗaukar tsohon kaya daga Amurka: duba bayan fawa-fak. Wasu suna da ɗan jan makunni mai rubutu 115 da 230. Wutarmu 230 ce. Na taɓa tsayawa a wani shago yaron gida ya jona irin wannan yana kan 115, sai ƙara "fat", ɗan hayaƙi, da warin ƙonanniyar roba. Aka yi shiru, kowa na kallon kowa. Kafin maigidan ya buɗe baki akwatin ya riga ya zama gawa.

Sai UPS. Mai 650VA ƙarfinsa na gaske bai kai wat 400 ba, kuma ya isa akwati ɗaya da monita ɗaya. Aikinsa ya riƙe ka 'yan mintuna ka adana aiki ka kashe, ko a tayar da janareta. Ba inbata ba ne. Ɗauki mai daidaita wuta a ciki, in kuma unguwarku wutar na yawan zuwa ƙasa-ƙasa, sa sitabilaiza a gabansa. Kada ka taɓa jona firintar leza a UPS, lokacin da take ɗumama tana jan ɗaruruwan wat a tashi ɗaya. Batirin ciki, yawanci mai 12V 7Ah, yana gajiya, ana canja shi ba sai an sayi sabon UPS ba. Da damina kuma, in hadari ya haɗo ana tsawa, zare fulogi daga bango har da wayar intanet.

8. Kesin, monita da ƙananan kaya

Kesin ba ya son dogon tunani: ya ɗauki micro-ATX, ya kasance da fanka ɗaya a baya, USB a gaba, ƙarfensa kada ya zama mai yankan hannu. Mai gilashi da fitilu bar wa yara. Fankar da ke zuwa a kwalin i3-12100 ko 5600G ta isa, ko da a zafin Maris da Afrilu na Abuja, in dai ba a cusa akwatin cikin durowa an rufe ba.

Monita kuwa ita ma'aikaci zai kalla awa takwas, kada ka yi mata ƙwauro. Inci 22 zuwa 24, mai 1920 da 1080, nau'in IPS wanda launinsa ba ya gushewa in an kalla ta gefe. 'Yar Kwatano ta Dell ko HP tana yi sosai. Sa a buɗe maka farin shafi fes, sannan baƙi, ka matso kusa ka nemi ɗigo, layi ko inda haske ya yi dishi-dishi.

Hattara: dubi ramukan bayan akwatin da na monita tare. Wasu akwatunan ofis DisplayPort kawai gare su, monita kuma VGA ko HDMI. Sayi wayar da ta dace a ranar, kada ka isa Kubwa ko Nyanya ka gane sai ka sake hawa mota saboda waya guda.

Yawancin madabod masu araha ba su da Wi-Fi. In rawuta na kusa, ja waya, ta fi tsayuwa. In ba haka ba, ɗan abin kama Wi-Fi na USB ya isa. Kibod da mawus masu waya sun fi dacewa da ofis, ba neman batir, ba wanda zai sa a aljihu. Mai buga Hausa ba ya buƙatar kibod na daban, Windows tana da tsarin Hausa a ciki mai ɓ, ɗ da ƙ, a saitin harshe ake ƙara shi.

9. Ranar kasuwa

A Abuja yawancin mutane Banex Plaza da ke titin Aminu Kano a Wuse 2 suke nufa, da filazojin da ke kewaye da ita. Je da safe, je da takardarka, in da hali je da wanda ya san kan abin. Tambayi shago uku farashin abu ɗaya da cikakkiyar lambarsa kafin ka ciro ko kwabo. A kowace kasuwar kayan lantarki akwai 'yan kamasho da za su tare ka tun daga bakin ƙofa da "Alhaji, me ake nema?" Ladansu a kan kuɗinka zai hau. Shiga cikin shago ka yi magana da mai shi.

Ba a cinikin biri a sama. A kunna a gabanka, ka yi waɗannan da hannunka:

Danna Ctrl, Shift da Esc tare, ka shiga Performance. Nan za ka ga cikakken sunan firosesa, yawan RAM, da ko ma'ajiyar SSD ce ko HDD. Sitikar goshi ana liƙa ta, wannan shafin ya fi ta gaskiya. Danna maɓallin Windows da R, rubuta tpm.msc, ka tabbatar ya nuna 2.0. Zo da CrystalDiskInfo a filas ɗinka, zai nuna lafiyar ma'ajiya da awannin da ta yi a kunne. SSD da aka ce sabo ne amma ya nuna dubban awanni, ka san inda aka dosa. Soka filas a kowane ramin USB ɗaya bayan ɗaya. A 'yar Kwatano, sake kunnawa ka shiga BIOS, F2 a Dell, F10 a HP, F1 a Lenovo. In ya nemi kalmar sirri kuma mai shago bai san ta ba, kada ka ɗauka. In agogonta na komawa wata tsohuwar shekara duk lokacin da aka kashe, wannan ƙaramin abu ne, batirin CR2032 ne ya mutu, a canja maka a wurin.

Sa a buɗe murfin ka leƙa. Bar ta a kunne minti ashirin tana kunna bidiyo, ka saurari fanka. Sannan rasit: sunan shago, cikakkiyar lambar kowane kaya, lambar siriyal, da kwanakin garanti a rubuce. "Ai mun saba, in ta ba da matsala ka dawo" ba garanti ba ne. In tiransifa za ka yi, sunan asusun ya dace da na rasit.

10. Haɗawa da makon farko

In ba ka taɓa haɗawa ba, biya injiniya ya yi kana tsaye, za ka koya. In da kanka ne, sukudireba mai kan sitaa ɗaya ta isa. Taɓa ƙarfen kesin kafin ka taɓa kaya. Sa firosesa, fanka, RAM da SSD a madabod tun yana kan kwalinsa, sannan ka ɗaura shi a kesin a kan 'yan ƙusoshin tagulla da ke ɗaga shi daga ƙarfe. Wayar wuta biyu ce, babba mai rami 24 da ƙarama mai 4 ko 8 kusa da firosesa. Mantawa da ƙaramar shi ne dalilin da ya fi sa sabon haɗi ƙin tashi. Fankar kwali tana zuwa da man sanyaya a shafe, kada ka goge, kada ka ƙara.

Windows ka sa mai lasisi. Yawancin akwatunan Dell, HP da Lenovo na zubi na 8 lasisinsu na cikin madabod, da an jona intanet take kunna kanta. In kuɗin Microsoft Office ya gagara, LibreOffice kyauta ce kuma tana buɗe fayilolin Word da Excel. Ta fi kwafin sata da ake loda wa mutane tare da tarkacen da ba su nema ba. A makon farko ka yi mata aiki sosai, don in da aibi ya fito garanti na da rai. Fayilolin da ba ka iya rasawa kuma su kasance wuri biyu, a kwamfutar da kuma Google Drive ko haddis na waje, domin SSD in zai mutu ba ya sallama.

Ɗora akwatin a kan tebur ko ɗan benci, kada ya zauna a ƙasa inda tsintsiya ke tura masa ƙura. Bayan kowane hunturu, wajen ƙarshen Fabrairu, kashe ta, zare waya, fitar da ita waje, buɗe murfin. Za ka tarar ƙura ta yi kamar auduga a tsakanin haƙoran ƙarfen da ke ƙarƙashin fanka. Riƙe fankar da yatsa don kada iska ta juya ta fiye da kima, sannan ka hure da bulowa.